Abin da Ƙaguwa Ke Zaɓa

Na daɗe ina jin yadda kuke ba da labarin nan, musamman ke Halima, duk sanda aka taru da Sallah: wai Babanku ne ya hango fitina tun kafin ta iso layinmu a Agege, ya gane ta daga kallon ƙaguwa a baho, ya kwashe mutanen gida ya tserar da su. Kuna faɗa kuna dariya, ni kuma ina murmushi, ban taɓa gyara muku ba. To, yau zan gyara. Ba zan rantse cewa duk abin da zan rubuta haka ya faru daidai ba, don shekaru sun ja, kuma mai yiwuwa wasu maganganun sun sauya kama a kaina saboda yawan juya su. Amma magana ɗaya da na faɗa wa Malam Isufu, wannan ko harafi bai ɓace mini ba.

A shekara ta biyu da sojoji suka miƙa mulki ne. Na gama digiri a ilimin dabbobi, na yi bautar ƙasa a Legas, sai wata malama mai bincike a kan halittun ruwa ta riƙe ni ina taya ta aiki a wani ɗan ɗakin gwaji a bakin ruwan Ikorodu. Madam muke ce mata. Ta yi mini alkawari in aikin ya yi kyau da shi zan yi digiri na biyu, ni kuwa a lokacin ban da wannan ba ni da wani buri. Ina zaune a gidan Kawu Sani, yayan mahaifiyata, ɗan kasuwar goro. Matarsa Hajiya Asabe, da kowa ke kira Iya, haifaffiyar Legas ce tun kakanni, Yarbancinta ya fi Hausarta gudu. A bakin ƙofa kuma akwai Malam Isufu, mutumin Tawa ta ƙasar Nijar, dogo siriri, a ƙiyasina zai kai hamsin da biyar. Shekararsa goma sha biyu yana gadin gidan da siton goron da ke baya.

Tambayar da Madam ta ba ni ba ta da tsawo: in aka zube wa ƙaguwa dodon koɗi iri-iri, wanne take ɗauka? Irin ƙananan dodon koɗin ruwan nan ne masu tsinin gindi, waɗanda ake aunawa a kwano a kasuwa ana zubawa a miya. Kullum da safe nakan ware su gida uku, ƙanana da matsakaita da manya, goma-goma, in ɗiga wa kowanne lamba da jan farce, in zuba a baho mai ƙaguwa ɗaya. Washegari in ƙirga wanda aka ci, in rubuta, in mayar da madadinsa. Sati uku da farawa aka shiga yajin aiki, aka garƙame ɗakin gwajin. Madam ta ce ko dai in zubar da abin da na yi, ko in kai ƙaguwoyin gida. Haka na shigo gidan Kawu da baho huɗu da jarkokin ruwa, don ruwan famfo kashe su yake yi, sai na can mai ɗan gishiri-gishiri, wanda nake ɗaukowa a danfo, motar haya ta Legas, sau biyu a mako.

Kawu ya leƙa baho ɗaya ya ja da baya.

"Nasiru, digirin ke nan? Shekara huɗu a jami'a ka dawo kana kiwon kunamar ruwa?"

"Bar shi jare, Alhaji," in ji Iya daga kicin. "Nasiru, kiwata su su yi ƙiba. Ranar da ka gama karatu a kansu, ni kuma in karanta su da kuɓewa."

"Ba dai a tukunyata ba."

"Tukunyarka ce, abi? Yaushe rabonka da wanke ta?"

Malam Isufu ne kaɗai bai yi dariya ba. Bayan La'asar yakan ɗauko ɗan bencinsa ya zauna a inda zai iya ganin ƙofa da bahunan gaba ɗaya. Lokotoro yake ce mini, haka suke kiran likita a wajensu, ko da na ce masa ni ban kai nan ba.

Ban san ko kun taɓa tsayawa kun kalli ƙaguwa tana cin abinci ba. Ba ta gaggawa. Takan lafe a gindin baho kamar dutse, bakinta kawai ke motsi, can sai ta taho a karkace ta bi ta kan koɗin tana lalubensu da ƙafafu, ba tare da ta dube su ba. Wanda ta tsaya a kansa sai ta ɗaga shi da hannuwanta masu kama da awartaki, ta juya shi sama da ƙasa, ta kai shi baki, ta ɗan matsa nan, ta ɗan matsa can, kamar yadda Kawu ke juya goro a hannu kafin ya yi magana. In babba ne mai kaurin ɓawo sai ta ajiye shi a hankali. A abin da na karanta, fasa irinsa na iya karya mata haƙoran hannu, kuma ƙaguwar da hannunta ya karye yunwa ce ke jiranta. Ƙanana kuwa takan tsallake su, ƙila don naman cikinsu bai kai wahalar ba. Na tsakiya take so. Sai ta kama bakin ɓawon ta riƙa ɓantararsa kaɗan-kaɗan tana zagayawa, shi kuma dodon yana ja da baya zuwa can ƙurya, har wurin ɓuya ya ƙare masa. Ƙarar ba ta da ƙarfi, ƙas, ƙas, amma da rana tsaka in gida ya yi shiru har ɗakina nake jin ta. Su ma koɗin kamar sun sani. Tun kafin ƙaguwar ta motsa sukan hau jikin baho su fita daga ruwa su manne a sama. Aikina ne duk safiya in bi su da yatsa in ture su su koma ciki.

Wata rana ina rubutu Malam Isufu ya nuna baho na biyu da haɓa.

"Lokotoro, wancan mai lamba bakwai, ka rubuta shi?"

"Ba ta ci shi ba, Malam Isufu. Ɗagawa ta yi ta ajiye."

"Awo. Shekaranjiya ma ta ɗaga ta aje. Ba ƙyale shi ta yi ba, aunawa ta yi. Shina cikin ranta."

Na ce masa ba za a iya cewa haka ba, ƙaguwa huɗu sun yi kaɗan a yanke hukunci a kansu, kuma ban tsammanin halitta irin wannan tana riƙe abu a kai har kwana biyu. Ya saurare ni har na gama.

"Ni ban yi lakwal ba," ya ce, wato makaranta, "gadi nike. Mutumen da ya taɓa ƙofa ya wuce, shi nika jira ya dawo."

Washegari na tarar da ɓawon mai lamba bakwai a fashe. Daga ranar na fara rubuta waɗanda aka ɗaga aka ajiye a gefen shafi. Sau da yawa ta koma musu, wani lokaci kuma ba ta koma ba. Har yau ba zan iya gaya muku ko gaskiyarsa ne ba.

A wannan tsakanin ne gari ya fara sauyawa. Ana ta jin an yi faɗan ƙabilanci a unguwannin da ke kusa da tashar jiragen ruwa, direbobin tirela da ke zuwa daga Apapa suna kawo labari, kowa da irin nasa. A Agege babu abin da ya faru, sai dai a danfo mutane sun daina musu da kwandasta, kowa na satar kallon kan ɗan'uwansa, ni ma na fara cusa hulata a aljihu in zan fita. Ranar wata Talata bayan Azahar, rana na dukan kwano, layi ba kowa, mutum biyu suka yi sallama a ƙofarmu. Ina tsaye da jarka a hannu. Ɗaya da farar riga mai guga, ɗaya da 'yar jaka a hammata. Har yau ban san ko su waye ba, ko 'yan wace ƙabila ne. Mai farar rigar Hausarsa ta fi tawa kyau. Suka roƙi ruwan sha, Malam Isufu ya ba su. Suka tambaya ko akwai ɗakin haya, ya ce babu. Mai jakar kuwa sai ya ɗora tafin hannunsa a ƙofar ƙarfen, ya tura, ya saki, ya sake turawa, ya ɗaga kai ya dubi inda aka ɗaure ta da bango. Ya ce ƙofa mai kyau. Suka yi godiya suka tafi.

Malam Isufu ya fita ya tsaya yana bin su da ido. A gida shida suka tsaya a layin har da namu, duk iri ɗaya, gidajen 'yan kasuwa masu rufin asiri. Sun wuce babban gidan wani Alhaji mai tireloli, mai doguwar katanga da waya da masu gadi uku, ko kallonsa ba su yi ba. Sun wuce ɗakunan katako na ƙarshen layi inda 'yan ga-ruwa da masu gyaran takalmi ke kwana. Da ya dawo ya mayar da sakata ya dube ni.

"An ɗaga mu an aje, Lokotoro."

Na gane abin da yake nufi. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, ƙila da gaske ɗaki suke nema. Kwana biyu ina juya maganar ban gaya wa kowa ba, ina tsoron in tayar da hankalin gida a kan abin da ba ni da tabbacinsa. Wannan shi ne hangen nesan Babanku da kuke faɗa. Ranar Alhamis Malam Isufu da kansa ya sami Kawu a baranda ya gaya masa, har da maganar bahon. Kawu ya sa aka kira ni.

"Kai mai digiri, me ka gani?"

Na ce ta wani ɓangaren abin na da kama da haka, amma mutum ba ƙaguwa ba ne, kuma ba a gina hukunci a kan zuwa ɗaya, ko da yake ba zan ce a yi sakaci ba.

Iya ta tafa hannu. "Wannan, in wuta ta kama rigarsa sai ya ce bari a ƙara bincike. Alhaji, ni na riga na aika wa Mama Sikira. Ta ce mu zo, ɗaki biyu ta share. Gobe da safe o."

Mama Sikira ƙawarta ce tun firamare, Bayarba mai sayar da kifi a Ikorodu. Don haka in kuna neman waɗanda suka fitar da mu daga gidan nan, to Malam Isufu ne da Iya da wannan baiwar Allah. Allah ya saka musu.

Da safiyar Juma'a danfon da aka yi shata ya tsaya a ƙofa. Sauran gidaje biyar ɗin ma suna ta loda kaya, don Malam Isufu ya bi ya gaya wa masu gadinsu. Na ce a sa bahunan a baya, Iya ta ce mutane za a ɗauka ko ƙaguwa. Na koma bayan gida na tsaya a kansu. Aikin sati shida ne a ciki, kuma in ba a sauya musu ruwa kullum ba, kwana biyu sun yi yawa za su mutu. Daga nan nake jiyo muryar Kawu.

"Isufu, rufe ƙofa ka shigo mota. Goro ba rai ba ne."

Malam Isufu bai shiga ba. Katinsa na ɗan ƙasa, kardante kamar yadda yake cewa, ya daɗe da ƙarewa, kuma ana cewa a shingayen hanya ana sauke mutanen Nijar marasa takarda. Ban da haka, shekara goma sha biyu bai taɓa barin ƙofar nan ta kwana ba kowa ba. Tsoro biyu ne suka sa shi a tsakiya, bai san wanda ya fi ba. Sai ya zagayo bayan gida ya same ni, kwaɗon ƙofa a hannunsa. Ya daɗe yana kallon ruwan.

"Lokotoro, tsakaninka da Allah. Ƙanana fa? Tana cin ƙanana?"

Na san abin da yake tambaya. Shi ma ya san na sani. Mutum ne da tabarma ɗaya da buta da rediyo, a gidan da masu shi suka fita.

"Ba ta cin ƙanana, Malam Isufu," na ce. "Ko sau ɗaya."

Kun san ni. Kun san ko gishiri aka tambaye ni ya ji a miya sai na ce ina jin kamar ya ji. A rayuwata ban tuna wata rana da na yi magana babu "ƙila" babu "mai yiwuwa" kamar wannan safiya ba. Kuma in an bi littafina ban yi ƙarya ba, ba a taɓa cin ƙarami ko ɗaya ba. Sai dai dalilin shi ne ni ke mayar da matsakaitan duk safiya, ban taɓa barin baho ya rasa su ba. A cikin takardun da Madam ta ba ni akwai inda aka ce in abin da ƙaguwa ta fi so ya ƙare, ko yunwa ta matsa mata, to abin da ke gabanta take ci. Na karanta wurin, har layi na ja a ƙarƙashinsa da jan biro. Ga kuma gida shida na layin suna shiga mota a gabana. Na sha tambayar kaina ko a wannan lokacin na tuna da layin da na ja. Wasu shekarun nakan ce ban tuna ba. Yanzu da nake rubutawa ina jin na tuna.

"Dakor," ya ce, wato ya yarda.

Sai na nuna masa yadda ake sauya ruwan, a tsiyaye rabi, a zuba rabi daga jarka a hankali ta gefe. Na ce kada ya wahalar da kansa da ƙara koɗi, ruwan kawai. Kawu ya sake kiransa daga cikin mota, ya amsa cewa Lokotoro ya ce ba komi. Kawu ya dube ni. Na gyaɗa kai.

Kwana huɗu muka yi a Ikorodu. A lokacin wayar hannu ba ta zo ba, rediyo kuma ba ya faɗin sunan layi. Ranar Talata da hantsi ni da Kawu muka koma. Tun daga bakin titi babu mai shayi, babu okada, babu yara, sai kaji. Gida biyu an ɓalle ƙofofinsu, ɗaya ya ƙone rabi, ɗakunan katakon ƙarshen layi duk a buɗe, tabarmi a waje. Namu kuwa ko ƙwarzane babu. Ƙofar a tura take, kwaɗon na rataye a buɗe da makullin a jikinsa. Tabarmar Malam Isufu a shimfiɗe, butarsa cike da ruwa, takalmansa a jere a gefe, ɗan kofin shayinsa tururuwa sun cika shi. Kawu ya shiga yana kiran sunansa ɗaki-ɗaki, har sito, inda ya tarar da huhunan goro yadda ya bar su. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ƙafata bayan gida ta kai ni.

Ruwan bahunan garau yake. A bango ya ja layi uku da gawayi, kwana uku ke nan yana sauyawa. Ƙaguwoyin huɗu duk da ransu. Matsakaitan sun ƙare. Ƙananan ma babu ko ɗaya. Ba ɓantarar su aka yi ba, murƙushe su aka yi gaba ɗaya, ɓawonsu ya kwanta a gindin baho kamar tsakin shinkafa. Manyan suna manne a sama. Ina tsaye, Kawu ya daina kira, gidan ya yi tsit, sai na ji ƙas. A baho na uku ta sauko da wani babba tana aiki a bakinsa.

Mun neme shi wata biyu. Mai shayin bakin titi, da ya dawo, ya ce ranar Litinin da rana ya hango shi a ƙofa yana magana da mutum biyu, sannan ya bi su, ba wanda ya ja shi. Wani ya ce ya gan shi a Apapa yana hawa motar arewa. Mutum biyu daga ɗakunan katako aka yi wa sallah a masallacin unguwa, ba ya cikinsu. Na je wajen 'yan sanda, na je asibitoci, na shiga inda ake ajiye gawa na duba fuskokin da har yanzu nake gani. Ba zan ce muku ya mutu ba, don ban sani ba. Abin da na sani shi ne mutumin da zai yi tafiya ba ya barin takalmansa.

Da aka janye yajin aiki na kai wa Madam littafina. Ta daɗe a kan shafin kwana huɗun nan da ba a ƙara koɗi ba, ta ce shi ne abu mafi kyau a aikin gaba ɗaya, in faɗaɗa shi. Na faɗaɗa. Da shi na samu digirin, da digirin na samu aikin koyarwa, da aikin na gina gidan da kuka tashi a ciki. Kawu har ya rasu bai taɓa tayar mini da maganar ba, Iya kuma ba ta sake dafa ƙaguwa a gidan ba.

Bayan shekara biyu na ɗaure tabarmar da butar da rediyon da takalman na tafi Tawa. Ƙanensa ya karɓe ni, ya ce tun wancan watan ba su ji ɗuriyarsa ba. Suka shimfiɗa mini tabarma, suka kawo fura, suka yi ta gode mini da na yi wannan doguwar tafiya. Malam Isufu yana da 'ya mai suna Rabi, a lokacin ba ta wuce shekara tara ba. Ina jin tana nan da ranta, kuma ina so, Halima, in kin karanta wannan ki nemi hanyar da zai isa gare ta, don ni na kasa. Da zan tashi, matar Malam Isufu ta yi magana daga bayan asabari. Tambaya ɗaya ta yi mini.

"Malam, da kuka fita, mi ya hana ku tafi da shi?"

Na ce motar ce ta cika.

Ta ce Allah ya ƙaddara haka, ta yi mini addu'ar sauka lafiya.

Motar ba ta cika ba. Akwai wurin mutum ɗaya a kujerar baya, kusa da ni, ta gefen taga. Jakar littattafaina ce a kai har Ikorodu.